Me ya sa aka ɗauki 'yan wasa 61 kafin Lane Hutson?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Karatu ne ya kawo ni birnin Montreal na ƙasar Kanada, kuma a nan ba a zama hira sai an sako hokin ƙanƙara. Abokan karatuna ba su da zance sai na wani yaro ɗan baya mai suna Lane Hutson. Sun ce a zaɓen matasa na 2022 sai a lamba ta 62 aka ɗauke shi, amma ga shi ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa. Shin masu duba 'yan wasan ne ba su san aikinsu ba? Me suke dubawa a jikin ɗan baya mai shekara 18?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba da sa'ar karatu. Abokanka sun faɗi daidai a kan lambar, amma ban yarda cewa masu duba 'yan wasan sun kasa ganin baiwar yaron ba. Sun gan ta sarai, sun kuma rubuta ta a rahotanninsu. Tsoron ƙanƙantar jikinsa ne ya rinjayi yardar da suka yi wa basirarsa, kuma a nan ne suka yi kuskure.

Gasar NHL, wato babbar gasar hokin ƙanƙara ta ƙwararru, tana da ƙungiyoyi 32 a Amurka da Kanada. Duk shekara sukan taru su raba matasan da suka kai shekara 18 a zagaye bakwai, waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ne a gaba wajen zaɓe. A 2022 a garin naku aka yi taron, a zauren Bell Centre, ranakun 7 da 8 ga Yuli. Sai a rana ta biyu, dab da ƙarshen zagaye na biyu, aka kira sunan Hutson. Ita kanta ƙungiyar Canadiens ta Montreal sau uku ta tsallake shi: ta ɗauki Juraj Slafkovsky a lamba ta 1, Filip Mesar a ta 26, Owen Beck a ta 33. Gurbin na 62 ma samunsa ta yi daga Edmonton a cinikin ɗan baya Brett Kulak.

Abin da mai duba ɗan baya ya fi zuba wa ido ba ya fitowa a jerin maki. Ƙwallon wannan wasa ɗan faifan roba ne baƙi, kuma fili kewaye yake da katanga. Sau da yawa abokan hamayya kan wurga faifan zuwa kusurwar gidanku su biyo shi da gudu. Ɗan baya ne zai juya ya je ya ɗauko, fuskarsa na kallon katanga, bayansa kuma ga ƙato mai kilo 90 yana tahowa, wanda doka ta yarje masa ya bangaje shi da kafaɗa. Daƙiƙa biyu ko uku ne kacal. Mai duba 'yan wasa yana zaune can sama yana lura: yaron ya waiwaya kafin ya isa faifan? Sau nawa ya waiwaya? Ya nufi katanga kai-tsaye, ko ya shigo a karkace don ya samu hanyar fita? Da ya ɗauka, ya watsar da faifan don tsoro, ko ya miƙa shi daidai kan sandar abokin wasansa? Wannan yanayi yakan maimaitu sau da yawa a wasa guda, kuma ƙungiyar da 'yan bayanta suka kasa shi takan ƙare wasan a tsare a gidanta.

A nan Hutson gwani ne tun yana yaro. Kansa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kafin faifan ya zo hannunsa ya riga ya san inda kowa yake. Yakan karkata kafaɗa kamar zai bi dama, mai binsa ya saki jiki ya bi, shi kuwa ya murɗa ya bi hagu. Ba wanda ya musa wannan. Tambayar da aka yi ita ce ko dabarar za ta ci gaba da aiki a gaban manya, waɗanda suka fi sauri, sandunansu suka fi tsawo, kuma sun sha ganin irin wannan ruɗi.

Abu na biyu shi ne tsaron hari ana tafiya da baya. Ɗan baya yakan zame da baya-baya a kan ƙanƙara yana fuskantar mai kawo hari, yana riƙe tazarar da ba ta wuce tsawon sanda ba. In ya ba da tazara da yawa, an samu filin harbi. In ya matsa da yawa, an kewaye shi. Dogon mutum yana da rangwame a nan, domin ko ya makara sandarsa za ta kai. Gajere ba shi da wannan rangwamen, dole ƙafarsa ta biya bashin. Hutson a lokacin tsayinsa kamar santimita 173 ne, nauyinsa bai kai kilo 75 ba, alhali yawancin 'yan bayan gasar sukan kai santimita 185 zuwa sama, nauyinsu kuma kilo 90. To ga inda gizo ke saƙar: wajen juyi da kauce-kauce a ɗan matsattsen wuri ba a kama ƙafarsa, amma gudunsa na miƙe bai kai na zaratan gasar ba, kuma an yi ta ƙorafi a kan yadda yake juyawa daga tafiyar baya zuwa gaba idan mai sauri ya bi ta gefensa. Quinn Hughes ma ba dogo ba ne, amma Vancouver ta ɗauke shi a lamba ta 7 a 2018 saboda zamiyarsa ba ta da tsara a cikin sa'anninsa. Ana yafe wa gajere tsayinsa idan yana tashi kamar iska. Hutson bai ba su wannan hujjar ba.

Na uku, bakin raga. Can ba wata dabara sai ƙarfi: ka ture mutum daga gaban mai tsaron ragarku, ka ɗaga sandarsa. An san zai sha wahala a nan, kuma har yau yana sha.

Na huɗu shi ne abin da yake yi da faifai a gidan abokan hamayya, a kan shuɗin layi, wato layin da ke bakin gidan nasu, musamman idan an kori ɗan wasansu na minti biyu kuna da rinjayen mutum guda. Wannan fagensa ne. A kakar 2021-22, tare da tawagar 'yan ƙasa da shekara 18 ta Amurka da ke Plymouth a jihar Michigan, ya tara maki 63 (ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya bayar aka ci) a wasa 60, adadin da ɗan gaba ma zai yi alfahari da shi. Yana yawo a kan layin yana jan mai tsaro zuwa gefe har hanya ta buɗe, sannan ya zura faifan ta tsakanin ƙafafu da sanduna. Harbinsa dai ba shi da nauyi.

Yaron ya san abin da ake faɗa a kansa. Da ya je taron gwajin lafiya da hira da ƙungiyoyi a Buffalo kafin zaɓen, ya tafi da takardar likita mai nuna cewa girman ƙasusuwansa ya yi baya da shekarunsa da fiye da shekara guda, wato akwai sauran tsayi a gaba. Ya ƙaru, amma kaɗan. Abin da takardar ta fi nuna mini shi ne irin nauyin da ake ɗora wa ma'aunin tsayi, har yaro mai maki 63 sai ya nemo shaidar likita.

Ka sa kanka a matsayin manajan ƙungiya. 'Yan baya shida ake sa wa riga a wasa, biyu-biyu suke shiga. Idan ka ɗauki ƙato kuma bai zama tauraro ba, zai iya zama na biyar ko na shida, ya tare harbi da jikinsa, ya yi tsaro lokacin da aka kori naku. Ba ka yi asara duka ba. Gajere mai kai hari kuwa gurbi ɗaya ke gare shi: ko ya zama jagoran harin ƙungiya daga baya, ko ya rasa wurin zama, domin ba kocin da zai ajiye shi don tare harbi. Akwai matasa da yawa irin haka da suka yi ta cin maki a ƙananan gasa, suka ƙare a gasar AHL, wadda ke ƙasa da NHL, ko a Turai. Ga kuma wasannin cin kofin Stanley, kofin zakarun NHL, inda ake karawa da ƙungiya ɗaya har sau bakwai, bangaza ta yi yawa, alƙalai su rage busa. Ƙungiyar St. Louis ta ci kofin a 2019 da manyan 'yan baya. Tampa Bay ta ci a 2020 da 2021 da Victor Hedman mai kusan mita biyu. Montreal ɗin ma ta kai wasan ƙarshe a 2021 ne a kan kafaɗun su Shea Weber da Ben Chiarot da Joel Edmundson. Da wannan hoto a kai manajoji suka shiga zauren a 2022. Tsoronsu yana da tushe.

Inda na saɓa da su shi ne sun yi watsi da hujjar da ke gabansu. Tawagar Plymouth ba da sa'anninta kaɗai take wasa ba. Takan kara da ƙungiyoyin jami'o'i masu 'yan shekara 22 da 23. Hutson ya riga ya shiga cikin manya ya fito lafiya. Yaron da ya tashi shi ne ƙarami a kowane fili ya koyi kauce wa bangaza tun da wuri, abin da ƙato ba ya koya sai ya haɗu da wanda ya fi shi. Tsayi da nauyi ana auna su a minti ɗaya a rubuta, ba mai gardama. Saurin fahimtar wasa sai an zauna an kalla sau da yawa, kuma wanda ya tsaya a kansa a taron ƙungiya yana sa aikinsa a kasada. Shi ya sa abin da ke da lamba yakan yi nasara a teburin shawara. Wanda ya raina gajere dai bai taka kunama ba.

Abin da ya biyo baya ka ji shi a bakin abokanka. A Jami'ar Boston ya samu maki 48 a wasa 39 a shekararsa ta farko, 49 a wasa 38 a ta biyu, kuma a duka shekarun jami'ar ta kai matakin ƙungiyoyi huɗu na ƙarshe a gasar ƙasa. A Janairun 2024 ya ci zinare da Amurka a gasar matasa ta duniya a Suwidin. A Afrilun shekarar ya fara buga wa Montreal wasa. A kakar 2024-25 ya buga duka wasanni 82, ya ci 6, ya bayar aka ci 60, maki 66 ke nan. Sittin ɗin nan ya yi daidai da tarihin da Larry Murphy ya kafa a 1980-81 na sabon ɗan baya, kuma 66 ya zarce maki 64 na Chris Chelios, tarihin sabon ɗan baya a Montreal. Da haka ya karɓi kyautar Calder ta gwarzon sababbin 'yan wasa a 2025, a gaban Dustin Wolf da Macklin Celebrini, tsohon abokin wasansa a jami'a.

Kada a manta da rawar koci. Martin St. Louis, kocin Montreal, gajere ne da babu ƙungiyar da ta zaɓe shi yana matashi, ya zo ya zama gwarzon gasar a 2004. A watannin farko Hutson ya yi ta yin kurakuran da suka jawo aka ci Montreal, ƙwallonsa ta farko ma sai a Disamba ta zo. Wani kocin da ya zaunar da shi ko ya tura shi ƙaramar gasa. St. Louis ya bar shi yana wasa fiye da minti 22 a kowane wasa, har ma a ɓangaren dama alhali bahago ne a riƙon sanda. Babu rahoton da zai iya hango wane koci yaro zai faɗa hannunsa, kuma wannan na cikin dalilan da ke sa hasashe a kan 'yan baya ya fi na 'yan gaba wuya. Nicklas Lidstrom, mai kyautar Norris ta gwarzon ɗan baya har bakwai, a lamba ta 53 aka ɗauke shi a 1989. P.K. Subban a ta 43 a 2007. Adam Fox a ta 66 a 2016.

Idan aka ce in rubuta rahoto a kansa bisa kakar 2024-25, zan ce ganinsa da rarraba faifansa suna sahun farko a duniya, fitar da ƙungiya daga gida ya zama makaminsa, tsaronsa da sanda da karanta inda faifai zai bi ya inganta ƙwarai. Zan kuma rubuta cewa harbinsa na nesa yana buƙatar aiki, domin ƙwallo 6 a wasa 82 na nufin masu tsaro za su iya ja da baya su toshe hanyoyin miƙawa su bar shi ya harba. A bakin raga da kusurwa har yanzu ana fin ƙarfinsa, saboda haka yana buƙatar abokin tsaro mai jiki a gefensa. Wasannin kofi kuwa, a 2025 Washington ta fitar da Montreal a wasa biyar, kuma wasa biyar ba su isa a yanke hukunci a kan ko jikinsa zai jure wata biyu na bangaza ba.

Shugabannin ƙungiyar sun nuna matsayinsu. A Yunin 2025 suka kawo Noah Dobson, dogon ɗan baya mai riƙon dama, daga New York Islanders, abin da ya rage wa Hutson nauyi. A Oktoba suka ba shi kwantiragin shekara takwas na dala miliyan 70.8. Sauran ƙungiyoyi ma sun ɗan sassauta: ƙanensa Cole Hutson, mai kusan irin jikinsa da salon wasansa, Washington ta ɗauke shi a 2024 a lamba ta 43, duk da cewa shi ma sai da zagaye na farko ya wuce shi.