Yadda ƙanƙarar Antaktika ta adana iskar zamanin da

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan jin masana a rediyo suna cewa iskar da ke ɗumama duniya ta kai matakin da ba ta taɓa kaiwa ba cikin shekaru dubu ɗaruruwa. Wa ya auna iskar wancan zamani, alhali babu na'ura, babu ma rubutu? Daga wani malamin firamare a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi daidai da ka nemi hujja, kuma hujjar tana binne a Antaktika, nahiyar da ke ƙuryar kudancin duniya. A tsakiyarta sanyi ya yi tsananin da dusar ƙanƙara ba ta narkewa, sai ta bana ta hau kan ta bara. Nauyin ta sama yana danne ta ƙasa har ta zama ƙanƙara mai tauri, iskar da ke tsakanin ƙwayoyinta kuma ta maƙale a ciki, ta zama 'yan ƙananan kumfa da ido ke iya gani.

Masu bincike suna haƙawa da inji mai siffar bututu, su zaro ƙanƙarar sanda-sanda, kowace faɗinta kimanin santimita 10, su rubuta zurfin da ta fito, sannan a kai ta ɗakin gwaji ba tare da an bari ta narke ba. A can ake niƙa ta a cikin mazubin da aka zuƙe iskarsa, kumfar ta fashe, a auna abin da ya fito. Ke nan ainihin iskar wancan lokacin ake aunawa. Shekarunta kuwa ana gane su ta ƙirga hawa-hawan ƙanƙarar, da lissafin yadda take dannuwa, da kuma alamar aman duwatsun da aka san lokacinsu, irin na Tambora a Indunusiya a 1815.

A 1999 aka wallafa sakamakon haƙar da aka yi a Bostok, tashar bincike ta Rasha da ke Antaktika, wanda ya koma baya shekaru 420,000. Daga bisani ƙasashen Turai suka haƙa fiye da mita 3,200, suka kai shekaru 800,000. A duk tsawon wannan lokaci iskar kabon dayoksaid, wato iskar da ke ɗumama duniya da ka ambata, tana hawa da sauka ne tsakanin kashi 180 zuwa 300 cikin miliyan, amma yau ta haura 420. Abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa game da wannan hanya shi ne, ƙanƙarar shekarun baya-bayan nan ta yi daidai da awon da ake yi wa iska kai tsaye a kan dutsen Mauna Loa da ke Hawaii a Amurka tun 1958.

Tambaya: Idan ƙanƙarar tekun arewacin duniya ta narke, shin ruwa zai cinye Legas? Daga wata 'yar kasuwa mazauniyar Legas.

Amsa: Hajiya, ƙanƙarar da ke yawo a kan teku ba ta ƙara masa tsawo sosai idan ta narke, kamar yadda ƙanƙarar da ke cikin kofi ba ta sa ruwan ya zuba. Abin damuwa shi ne wadda ke kwance a kan ƙasa, domin ta tsibirin Girinlan da ke can arewacin duniya kaɗai, da za ta narke duka, za ta ɗaga teku kimanin mita 7, ko da yake hakan zai ɗauki ƙarnuka masu yawa. Tsakanin 1901 da 2018 teku ya tashi da kimanin santimita 20, saboda narkewar ƙanƙarar tudu da kuma kumburin da ruwa ke yi idan ya ɗumama, kuma saurin tashin yana ƙaruwa. Ga birni mai kwari kamar Legas, inda ƙasar wasu unguwanni ma ke lotsawa, wannan ya isa ya sa ambaliya ta riƙa kaiwa ga gidajen da a da ba ta isa gare su.