Sabuwar boila da murhun itace a Ingila: wa zai nemi izini, ina za a kafa ƙararrawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana mun sayi tsohon gida a Birmingham. Boilar da ke dumama gidan ta tsufa, za mu canza ta, shi kuma maigidan ya kafe sai an sa murhun itace a falo. Wata maƙwabciya ta ce dole mu nemi izinin gini ta intanet kafin a taɓa komai, kuma za a ci mu tara idan babu ƙararrawar iskar kabon monoksaid. Haka abin yake? Daga wata mai karatu a Birmingham.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya albarka a gidan. Maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya ba, sai dai ta cuɗa dokoki biyu wuri guda.

Tarar da ta ambata ta masu ba da haya ce. Tun 2015 Ingila take da doka a kan haka, aka faɗaɗa ta daga 1 ga Oktoba, 2022: duk ɗakin gidan haya da ke da kafaffen abin da ke ƙona mai, gas ko itace, sai an sa masa ƙararrawa, ban da kukar girki ta gas. Wanda ƙaramar hukuma ta aika wa takardar gyara ya yi burus, ana iya cin sa tarar da ta kai fam 5,000. Ku da kuke zaune a gidan kanku wannan ba ta hau kanku ba, sai ran da kuka zuba ɗan haya.

Wadda ta hau kanku ita ce ƙa'idar gini, sashen J. Shi ya ce duk lokacin da aka kafa sabon abin dumama gida mai ƙona gas, mai ko itace ko aka canza tsoho, a sa ƙararrawa a ɗakin da yake. Murhun itace da na kwal sun shiga wannan sharaɗi tun 2010, boilar gas da ta mai suka biyo baya a Oktoban 2022. Ke nan guda biyu za ku saya, ɗaya wurin boila, ɗaya falo. Ni da gidana ne, da na ƙara ta uku a barandar ɗakunan kwana, domin mai barci a sama ba lallai ya ji kukan na'urar da ke kicin a bayan rufaffiyar ƙofa ba.

Ki duba jikin kwalin ƙararrawar ki ga an rubuta lambar ingancin BS EN 50291, kada arhar kasuwar intanet ta ruɗe ki. Wurin kafawa kuma yana da awo: tazarar mita 1 zuwa 3 daga boilar ko murhun. Idan a silin ne, ta nisanci bango da aƙalla santimita 30. Idan a bango ne, a ɗaga ta sama da tsayin ƙofa da taga, amma a bar santimita 15 tsakaninta da silin. Na sha shiga gida in tarar da ita a aljihun kabad ɗin kicin tare da cokula, ko batir ba a sa mata ba. Kuma tana tsufa. Akwai ranar ƙarewar aiki a bayanta, yawanci shekara 7 zuwa 10. Ƙararrawar hayaƙi da kika tarar a silin ba ta jin wannan iska, aikinta daban.

Mu da muka taso a gida mun san wannan guba, ko da ba mu san sunanta ba. Ita ce take kashe iyali guda a dare ɗaya idan an shigar da janareta cikin gida saboda tsoron ɓarayi, ita ce kuma ta kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Ba ta da wari, ba ta da launi. Tana fitowa ne idan wuta ba ta samu isasshiyar iska ba, ko bututun hayaƙi ya toshe, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar oksijin sau 200 da ɗoriya. Gidajen Ingila kuwa a like suke ruf saboda sanyi. Idan mutanen gida suna ciwon kai, jiri da tashin zuciya tare, suna samun sauƙi da zarar sun fita waje, kada a ce mura ce. Harshen wutar gas mai lafiya shuɗi ne. Idan ya koma ruwan ɗorawa yana lilo, ko baƙin hayaƙi ya fara ɓata jikin boila, akwai magana. Ƙararrawa ta yi kuka, a buɗe tagogi, a kashe na'urar, kowa ya fita, a kira layin gaggawa na gas, 0800 111 999, wanda jikinsa ya nuna alama kuma a kai shi asibiti.

Sai batun izini. A Ingila izinin tsara gari daban, amincewar masu duba ƙa'idar gini daban. Canza boila ba ya bukatar na farko a gida irin na kowa, sai in gidan yana cikin jerin gine-ginen tarihi. Na biyun ma ba ke za ki cike fom ba. Doka ta ce mai rajista da Gas Safe Register, wato rajistar ƙwararrun masu aikin gas, shi kaɗai zai taɓa aikin gas, kuma shi zai sanar da hukuma cikin kwana 30 da gama aiki, sannan takardar shaida ta iso miki. Kafin ya ajiye jakar kayan aikinsa ki ce ya nuna miki katinsa, ki juya bayan katin, nan aka jera ayyukan da aka yarje masa. Ba rashin kunya ba ne, sun saba. Ɗan'uwa da ya ce ya iya kuma zai yi muku sauƙi, a gode masa, a ba shi shayi.

Murhun maigida ne zai iya kai ku intanet. Idan kuka ɗauki mai rajista da HETAS, ƙungiyar da ke yi wa masu kafa murhun itace rajista, shi ma zai shaida aikinsa da kansa, ba ruwanku da fom. Idan magini ne kawai, to ku za ku sanar da sashen duba gini na ƙaramar hukuma kafin a fara, ta shafinsu ko ta Planning Portal, shafin intanet na shigar da takardun izinin gini. Ƙaramin aiki irin wannan gajeriyar sanarwa ake cikewa, a biya kuɗi, a fara bayan kwana biyu na aiki, jami'i ya zo ya duba. Sanarwar ba amincewa ba ce. In ya ga aikin ba daidai ba, za a warware a sake da kuɗinku. Shi ya sa nake ganin mai rajistar ya fi kwanciyar hankali, ko da farashinsa ya ɗan ɗara.

Ki kuma tuna wa maigida cewa Birmingham yankin hana hayaƙi ne, don haka murhun ya zama cikin waɗanda ma'aikatar muhalli ta amince a ƙona itace da su a irin wannan yanki, a kuma share tsohon bututun hayaƙin a gwada shi kafin a kunna wuta. Takardun shaidar biyu ki haɗa su da takardun gida, domin ran da za ku sayar, lauyan mai saye zai tambaye su, kuma neman gyaran takarda daga baya ya fi tsada.