Aisha, A'isha ko Aishatu? Amsa ga ƙanwata mai shirin tahowa karatu

Ƙanwata, barka da arziki, Allah ya raya mana ita. Na ga saƙonki: kin samu gurbin digiri na uku a nan Ingila, da jaririyar za ki taho, amma an tsaya kan yadda za a rubuta sunanta a takardar haihuwa da fasfo. Ke kina son A'isha da 'yar alamar hamzar nan, babanta ya kafe kan Aishatu, wata ƙawarki kuma ta ce a sa Ayesha don bakin Turawa ya iya. Kin ce in raba gardama.

Ni dai Aisha zan ce, haruffa biyar, ba ƙari.

Ɗauko fasfonki ki duba ƙasan shafin da hotonki yake. Akwai layi biyu cike da alamar <, kowanne da gurbi 44. Su na'ura ke karantawa a filin jirgi, ba kyakkyawan rubutun da ke sama ba. Tsarin na ICAO ne, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, kuma ba abin da ke shiga wurin sai manyan haruffa daga A zuwa Z, da lambobi, da ita alamar. Hamza zubar da ita ake yi, don haka A'isha ɗinki AISHA za ta koma tun kafin ku hau jirgi. A tikiti ma haka. Bayan kun iso, wani fom ɗin intanet zai karɓi alamar, wani ya ƙi, wani kuma ya bar fili a gurbinta, sai ki ga wasiƙa ta zo da "A Isha", kamar A ne sunan yarinyar. Na san a Hausa rubutunki shi ne daidai, amma kwamfutocin nan ba ruwansu da ƙa'idar rubutunmu. Abin da ke cin masu Ruƙayya da Faɗimatu ke nan, ƙugiyar harafin ba ta tsallake boda.

Shi kuwa babanta bai yi kuskure ba, kada ki ce na ce. A Larabci sunan da ta'u marbuɗa ya ƙare. In an tsaya a kanta sai ta fita kamar "h", in an zarce da karatu sai a ji "tu". Daga harafin nan guda Aisha da Aishah da Aishat da Aishatu duk suka fito, har da Aïchatou ta masu rubutu da salon Faransanci. Na'ura ba ta da matsala da Aishatu. Mutane ne matsalar. Malamin makaranta zai yanke "tu" ɗin don sauri, wani magatakarda ya bar "t" kaɗai, kafin ta gama sakandare ta tara suna uku. In ya nace, ki bar masa, amma ku san kun ɗauki aikin gadin haruffa biyun nan har ta mallaki hankalinta.

Ayesha kam a ajiye shi. Rubutu ne da ya fi yawa wurin mutanen Pakistan da Indiya, kuma ba zai hana a karya sunan ba. Ran nan ina zaune a ɗakin jira na asibiti, ma'aikaciya ta leƙo da takarda a hannu, ta ce "Eisha?", ta sake dubawa ta ce "Ayiisha?", sai wata yarinya da ba ta wuce shekara shida ba ta miƙe ta faɗa mata yadda ake kiranta, matar ta maimaita, suka shige. Shi ke nan fa. Gyaran baki sau ɗaya ne, ba sai an sauya wa yarinya suna saboda shi ba.

Gyaran takarda ne mai cin rai, ni ganau ce. A fasfona Rukayya nake, a takardar sakandare Rukayyat, sannan da na zo cike fom ɗin jami'a, da hannuna na rubuta Ruqayyah, wai ya fi kama da na Larabci. Lokacin da za a ba ni CAS, takardar da ake neman bizar karatu da ita, sai aka ce in tabbatar cewa matan nan uku mutum ɗaya ce. Na yi ta sintiri neman takardar rantsuwa ta kotu, na aika, na zauna jira, abokan karatuna har sun fara shiga aji ni ina gida ina duba imel dare da rana. Laifin na q ɗin nan nawa ne, ba wanda ya sa ni.

To ranar da za a je yin takardar haihuwar, kada a faɗi sunan da baki. Ki rubuta shi da manyan haruffa a takarda ki miƙa, sunanta daban, na mahaifinta daban, a jerin da kuke so ya zauna. In an buga, ki karanta harafi bayan harafi kafin ki bar gaban teburin. Kada kuma a cika mata sunaye, gurbi 39 kawai aka ware wa suna a layin farko na fasfo, abin da ya wuce haka gutsure shi ake yi. Sannan ki duba naki sunan a takardar tata, ya zo daidai da na fasfonki, don da ita za ki nuna cewa 'yarki ce a wajen neman biza. Na tuna ke ma wani wuri Hadiza kike, wani wuri Khadija. Ki turo min hoton takardun naku duka in gani kafin ku biya kuɗin fasfon.