Amsa ga mai son gyara tsohon soro a cikin birnin Kano

Malam, ka ce soron gidanku na gado ya tsage, kana son yaɓa siminti da rufin kwano, kana tambayar wa zai ba da izini.

Fara gano matsayin ginin. Ba kowane tsohon gida doka ta kare ba, sai wanda aka ayyana a matsayin kayan tarihi na ƙasa, irin su Gidan Makama da ganuwa da ƙofofinta. Waɗannan suna hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, NCMM, wadda doka mai lamba 77 ta 1979 ta kafa, kuma laifi ne a rusa su ko a sauya musu fasali ba da rubutaccen izininta ba. Jami'anta suna Gidan Makama, je ka tambaya. Idan gidanku ba ya ciki, kuma aikin bai shafi ganuwa ba, izinin gini na KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano, ya rage maka. Kada dai ka dogara da "an ce babu komai", karɓi takarda.

Cikin wasiƙarka ta neman izini sa hotunan tsagewar da awonta, zanen soron yadda yake yanzu, abin da za a taɓa, kayan aiki, da sunan maginin. Nemi mai ginin ƙasa na gaske.

Siminti kuwa, ka janye shi tun kafin a ce maka a'a. Bangon tubali yana shan danshi yana fitarwa. Siminti ya toshe shi, ruwa ya taru a baya, ƙasar ta ruɓe, wata rana yaɓen ya zubo da rabin bangon. Yaɓen ƙasar da aka cuɗa da ciyawa aka bari ta kwana, a bi shi da makuba (wadda ake yi da ɓawon ɗorawa), shi ne daidai. Kwano ma yakan sa a sare zanko, wato ƙahonnin da ke saman ginin, kamannin soron su tafi.

Sannan tsagewa alama ce kawai. Duba indararo ko ya toshe, gindin bango ko kwata na cinsa, kawunan azara ko sun ruɓe. Azarar giginya ba ta son tazarar da ta kai mita 2 babu tallafi.

Shigar da takarda da kaka, don aiki ya faɗo cikin rani. Kafin amsa ta zo, tokare rufin, ka buɗe hanyar ruwa.