Kanel ɗin Linux ya hana ni megabait 64, alhali ƙwaƙwalwa na nan jibge

Tambaya: Malam, ina rubuta direba (manhajar da ke sarrafa na'ura) a Linux don katin ɗaukar bidiyo. Na nemi megabait 64 na ƙwaƙwalwa (RAM) da kmalloc, hanyar neman ƙwaƙwalwa a cikin kanel, wato zuciyar Linux, ya dawo mini da NULL, alamar bai samu ba. Kwamfutar kuwa gigabait 16 gare ta, ko rabi ba a ci ba. Ina gizo ke saƙar?

Amsa: Ɗan'uwa, ƙwaƙwalwar na nan, irin wurin da ka nema ne babu. Shi kmalloc wuri a haɗe yake bayarwa, shafi (ƙaramin yankin ƙwaƙwalwa) na bin shafi a ainihin RAM. Shafi ɗaya kilobait 4 ne a na'urorin x86, kuma gungu mafi girma da kanel ke tanada shafi 1024 ne, wato megabait 4. Ka ga abin da ka nema ya ninka iyakar sau 16.

Ko megabait 4 ɗin ma ba kullum ake samu ba. Buɗe /proc/buddyinfo ka duba. Jerin lambobi ne da ke nuna yawan gungun da ba a ci ba: na hagu ƙananan gungu, na ƙarshen dama manya. Da an kunna kwamfuta za ka ga na dama da yawa, amma idan ta daɗe tana aiki sai su yi ta raguwa, domin ƙananan buƙatu sun yayyanka wurin. Na taɓa fama da wani direba da yake aiki lafiya lau bayan kunnawa, bayan mako guda ya ƙi tashi. Kwana uku ina bin rubutun direban layi-layi, sai da na leƙa wannan fayil na ga sifili a dama.

To, wa zai taɓa wannan ƙwaƙwalwa? Idan firosesa ce kaɗai, vmalloc ya wadatar. Yana tsinto shafuka a warwatse, ya jera su a teburin adireshi, ka gan su kamar a haɗe. Akwai kuma kvmalloc, wanda ya shigo a Linux 4.12 a 2017: ya fara gwada kmalloc, in bai samu ba ya koma vmalloc.

Amma naka kati ne da ke zuba bayanai kai tsaye cikin RAM, kuma bai san adireshin vmalloc ba. Don Allah ka karanta takardar bayanin katin tukuna. Idan yana karɓar jerin ƙananan gutsattsari, ka ba shi hakan, shi na fi so, domin ba ya damuwa da warwatsewar shafuka.

Idan kuwa lallai sai wuri a haɗe, CMA ce mafita, wato tsarin keɓe babban wuri a haɗe, tana cikin kanel tun Linux 3.5 a 2012. Ka tabbata an haɗa kanel ɗinka da ita, ka saka cma=128M a layin umarnin da ake ba kanel lokacin kunnawa, sannan ka nema da dma_alloc_coherent. Kanel zai keɓe yankin tun farko, ya ara wa shafukan da ake iya matsarwa, ya kwashe su lokacin da ka buƙata. Ka nema sau ɗaya lokacin da direba ke tashi, kada ka yi a cikin katsewar na'ura (interrupt, lokacin da kati ya katse firosesa), domin kwashe shafukan na ɗaukar lokaci. In ka gama ka mayar da dma_free_coherent, don irin wannan ƙwaƙwalwa kanel ba ya tura ta faifai, tana nan a riƙe har sai ka sake ta.