Tambaya da Amsa: Shin Rumawa Ne Suka Ƙago Addinin Kirista?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Tudun Wada a Jihar Kano, kuma muna da maƙwabta Hausawa Kiristoci waɗanda gonakinmu ke iyaka da nasu. Ƙanena ya zo majalisarmu ta bayan isha'i da wani bidiyo a wayarsa, wanda ke cewa sarakunan Rum ne suka ƙago addinin Kirista don su mallake Yahudawa, kuma Sarki Kwanstantin ne ya zaɓi littattafan Baibul a taron Nikiya, har ma wai labarin Annabi Isa (AS) daga gunkin Masarawa mai suna Horus aka kwafo shi. Mene ne gaskiyar wannan magana?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya ka tambaya kafin ka yaɗa. Malaman hadisi sun koya mana cewa ba a karɓar labari sai an san wanda ya kawo shi da kuma zamanin da ya rayu, kuma da wannan ma'aunin ya kamata a auna bidiyon ƙanenka.

Masu cewa Rumawa ne suka shirya addinin suna jingina abin ga gidan sarautar Filabiyawa, wanda ya hau mulki a shekara ta 69 miladiyya, ya rusa Ƙudus a shekara ta 70. Lissafin shekaru kaɗai ya isa ya karya wannan da'awa, domin wasiƙun Bulus (ɗaya daga cikin masu yaɗa Kiristanci na farko), waɗanda su ne rubuce-rubucen Kiristoci mafi daɗewa da suka iso gare mu, an rubuta su ne tun wajejen shekara ta 50 zuwa ta 60, kuma a wasiƙarsa ga Galatiyawa ya ambaci ganawarsa da Bitrus almajirin Isa da kuma Yakubu, wanda ya kira ɗan'uwan Isa. Marubucin tarihin Rum, Tasitus, wanda bai ɓoye ƙiyayyarsa ga Kiristoci ba, ya rubuta a wajejen shekara ta 116 cewa Sarki Niro ya ɗora musu laifin gobarar birnin Rum ta shekara ta 64, ya yi musu kisan gilla, kuma ya ce sunansu ya samo asali daga Kiristi, wato Isa Almasihu, wanda aka hukunta a hannun gwamna Bilatus. Mu Musulmi mun san abin da Alƙur'ani ya faɗa a Suratun Nisa'i, cewa ba su kashe shi ba kuma ba su gicciye shi ba. Abin da ake ɗauka daga Tasitus a nan shi ne shaidar cewa mutumin da mabiyansa sun riga gidan Filabiyawa. Ta yaya za a azabtar da jama'ar da ba a riga an ƙago ta ba?

Batun Nikiya kuwa, taron ya faru da gaske a shekara ta 325, a garin da ake kira Iznik a Turkiyya ta yau, kuma Kwanstantin ne ya kira shi. Sai dai abin da aka tattauna shi ne saɓanin da koyarwar wani malamin Kirista mai suna Ariyus na Iskandariyya ta haifar game da matsayin Isa, da ranar Ista, bikin da Kiristoci ke yi kan imaninsu da tashin Isa daga matattu. Babu zaɓen littattafai a cikin abin da aka adana na taron, kuma tun wajejen shekara ta 180 wani malamin Kirista mai suna Iraniyus ya riga ya lissafa Linjila huɗu da sunayensu.

Maganar Horus ita ce mafi rauni, kuma ita ce ta fi damuna, domin Musulmin da ya tura ta ga wani yana taimaka wa masu musun samuwar Annabin da Alƙur'ani ya ambata, wanda aka saukar da sura guda da sunan mahaifiyarsa. A tatsuniyar Masarawa Horus yana da uba, Osiris, da uwa, Isis, kuma babu inda rubutunsu na dā ya ce an gicciye shi ko yana da almajirai 12. Ka nemi ƙanenka ya nuna maka inda mai bidiyon ya ambaci takarda ko bangon da aka karanto waɗannan abubuwa a jikinsa, za ka tarar marubutan Turai na ƙarni na 19 kawai yake maimaitawa.

Akwai ƙwayar gaskiya ɗaya da irin waɗannan bidiyoyi kan raɓa da ita: Linjila ba ta faɗi ranar haihuwar Isa ba, kuma shaidar farko ta bikin Kirsimeti na 25 ga Disamba daga birnin Rum ta fito, a ƙarni na 4. Wannan magana ce a kan tarihin biki, wanda malaman Kiristoci da kansu suke koyarwa a makarantunsu.