Naira 800,000 a Hannun Mai Gyaran Keke: Taya Zai Saro ko Rigunan 'Yan Tsere?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai gyaran keke ne a Jega, gadon sana'ar na yi wurin mahaifina. Tun da anka cire tallafin mai aiki ya ƙaru, kekunan da anka jingine cikin zaure duk an hito da su. Damuwata ba ni da kaya. In an kawo gyara sai in aiki yaro ya sawo taya ko tub a shagon wani, shi ya ci riba, ni in tsira da kuɗin hannu. Bana na sai da shinkafar rani, na haɗa da kwasar adashi, na samu naira 800,000. Ƙanena da ke karatu Aliero ya ce in saro kayan zamani: giya, hular kwano, riguna da wandunan 'yan tsere irin waɗanda yake gani a waya, wai nan riba take. Mi kaka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a wannan jari, ya kuma jiƙan magabata.

Ƙanenka bai yi ƙarya ba. Ribar riga guda ta 'yan tsere ta fi ribar tub guda nesa ba kusa ba. Abin da bai sa a lissafinsa ba shi ne sau nawa kuɗin zai fita ya dawo a shekara, kuma a nan ne ɗan kasuwa ke ci ko ya faɗi. A ce ka zuba naira 100,000 a tub da robar birki, kana samun 15 cikin 100, kayan na ƙarewa duk wata kana sake sarowa. Kafin shekara ta zagayo ka ga naira 180,000, uwar kuɗi na nan. A ce kuma wata 100,000 ɗin ka zuba ta a riguna masu ribar 60 cikin 100, amma sai shekara ta cika kafin su ƙare. Ka tashi da 60,000 ke nan, in ma sun ƙare ɗin, don tufafi ba ya rasa kwantai: wannan ta yi wa mai saye kaɗan, waccan launinta bai yi masa ba. Misali ne na kawo, kai za ka sa ainihin farashin da kake gani, amma duk yadda ka juya shi wuri ɗaya zai kai ka.

Dubi waɗanda ke zama a bencinka. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, ta zo ta wuce 1,000 a ƙarshen 2024. Mutumin da ya kakkaɓe tsohon Raleigh ɗinsa saboda wannan ba don motsa jiki ya yi ba. Fadama zai tafi da buhun taki, ko ya ɗauko jarkoki huɗu na ruwa, ko malamin firamare ne da albashinsa ya daina ɗaukar babur, ko yaro ne mai zuwa Islamiyya. Keken irin waɗannan mutane abin neman abinci ne. In ya tsaya yau, yau ɗin za a gyara shi, kuma a wurin wanda ke da kayan a hannu. Su ne kasuwarka, ka riga ka same su, abin sayar musu ne kawai ba ka da shi.

Don haka kaso mafi tsoka, kamar naira 480,000 zuwa 500,000, ya tafi ga abin da ke cinyewa: taya, tub, faci da sholisho, robar bawul, robar birki, wayar birki, sifoki, ƙwallayen boris, giris, kotafin, sarƙa, firiwil, feda. Ƙasarku ƙasar tsidau ce da ƙayar aduwa da bagaruwa, ga rairayi mai cin sarƙa da boris. Wannan ba ya hutu, rani da damina.

A nan zan ɗan daɗe, don kuskuren sari ya fi yawa a wajen awo. Kekunan gargajiya masu birkin ƙarfe, su Raleigh da Phoenix da Hero, tayarsu 28 x 1½ ce. Yawancin kekunan gwanjo masu giya 26 ne, na yara kuma 24, 20 da 16. Sai dai akwai tarko. Wasu kekunan gwanjo na Turai ma an rubuta 28 a tayarsu, alhali ba ta shiga rim ɗin Raleigh. Ka duba ɗaya lambar da ke gefen taya: ta keken gargajiya tana ƙarewa da 635, waccan ta Turai 622, ta 26 mai giya kuwa 559. Milimita 13 ne tsakanin na farkon biyu, amma sun isa su sa katan guda ya kwana a shagonka har ya bushe. Haka sarƙa: mai faɗi ta keke marar giya ba ta aiki a mai giya, mai giya siririya yake so. Bawul ma iri uku ne, mai 'yar roba na gargajiya, mai kauri irin na babur, da siriri na kekunan tsere, kuma ramin rim ne ke nuna wanda zai shiga. Kafin ka taɓa kuɗin nan, ka ɗauki mako biyu ko uku da littafi a gefen akwatin aikinka, duk keken da ya shigo ka rubuta awon tayarsa da abin da aka canza masa. Wannan littafin ne zai rubuta maka jerin sari, ba dila ba. Dila abin da ya yi masa nauyi a sito yake fara nuna wa baƙo.

Kada kuma arha ta ruɗe ka ka jibge taya da tub na shekara guda. Roba ba ta son zafi, kuma ka san yadda ɗakin kwano yake a Jega a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Tub ya kan manne ko ya tsattsage a naɗe, taya ta yi ƙaushi. Saro na wata biyu, ka ajiye nesa da rana da rufin kwano, wanda ya fara shigowa shi zai fara fita. Ta fuskar inganci, riƙe kashi biyu: mai sauƙi da mai ƙwari, ka gaya wa mutum gaskiyar kowanne ya zaɓa. Kai ba kamar mai shago kake ba, da hannunka za ka ɗaura kayan. In tayar ta fashe bayan mako guda ba wanda zai tuna kamfanin da ya yi ta, sunanka za a kira.

Sai batun ƙara wa keke daraja. Sanya giya a keken gargajiya aiki ne da ba na ba ka shawarar ka shiga. Sai an canza hob, wato cibiyar ƙafar da sifoki ke haɗuwa a kanta, ko ƙafar baya gaba ɗaya, a sake sarƙa, a buɗa bayan bodin, a nemo inda za a maƙala abin canjin, kuma in ka haɗa kuɗin sai ka ga ya doshi na keken gwanjo mai giyarsa. Ƙasar ma shimfiɗaɗɗiya ce, ba tsaunukan Filato ba, kuma buhu ɗaya in ya doki abin canjin giyar ya lanƙwashe. Ka ajiye 'yan kaɗan daga kayan giya shida da bakwai, da wayarsu, don gyaran waɗanda suka zo da ita. Ka kuma lura, sunan Shimano na Japan ana buga shi a jabu da yawa, in farashin ya yi daɗi fiye da kima to ka san ba shi ba ne.

Ƙarin da mutanenka za su biya ba gardama shi ne wanda zai sa keke ya ɗauki kaya ya kuma daɗe: kariya mai ƙarfi (wurin ɗora kaya a bayan keke), sifoki mai kauri a ƙafar baya, sitan mai ƙafa biyu, sirdi mai sufirin, kwando na gaba don ɗalibai, madigadi, ƙararrawa, makulli, da fitila mai caji irin wadda ake cajawa da cajar waya. Kariyar ma ba sai ka saro ta daga nesa ba. Ka zauna da mai walda na kusa da kai, ya yi maka da rodi a kan awon da ka ba shi, ka shafa fenti. Ta fi ta kanti ɗaukar buhun albasa, ba kuɗin mota a kanta, kuma ba wanda zai kwatanta farashinka da na wani tun da kai kaɗai ke da irinta. Naira 120,000 ta isa wannan ɓangaren a farko.

Tufafi kuwa, mu faɗa wa juna gaskiya. Wane magidanci ne zai sa matsattsen wando ya ratsa kasuwar Jega? Ko ƙanen naka, ka ce ya sa ya zo gaida mahaifiya ka gani. Akwai dai abin sawa da ke da kasuwa, kuma sirrinsa shi ne mai babur ma yana saye: rigar ruwa da damina, safar hannu da tabarau da takunkumi da hunturu, da 'yar rigar nan mai ƙyalli da dare. Wannan ta ƙarshen ina so ka riƙa tallata ta da bakinka. Jega a kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Yawuri da Kwantagora take, ga ta Birnin Kebbi, tireloli ba sa yankewa, kuma mai keke da ke dawowa daga gona bayan magariba direba ba ya ganinsa sai ya zo kansa.

Hular kwano abu ce mai amfani, ba na raina ta. Ka ajiye kaɗan, musamman na yara, don iyaye sun fi saya wa ɗa abin da ba za su saya wa kansu ba. Amma sabuwa, ban da ta gwanjo. Cikinta soso ne mai tauri da aka yi shi ya murƙushe sau ɗaya ya tare bugu, wadda ta taɓa faɗuwa da wani ta gama aikinta ko da wajenta na sheƙi. Kada kuma ka sayar wa mai babur da ta keke, ba a yi ta don gudun babur ba. Duka wannan ɓangaren kada ya wuce naira 50,000.

Ragowar, ka fitar da kuɗin yin kantar jera kaya da sayen kayan aikin da ba ka da su, ka bar aƙalla naira 100,000 ba ka taɓa ba. Ita ce za ta cike gurbin abin da ya fara ƙarewa, don a wata na farko za ka gano akwai abin da ka saro kaɗan. In za ka iya, tafiyar farko ka je Kano da ƙafarka, ka zaga Sabon Gari, ka taya a wuri uku ko huɗu, ka karɓi lambar wanda hankalinka ya kwanta da shi. Daga baya sai aike ta hannun direba. Kuɗin motarka da na dako da na lodi duk ka raba su a kan kayan kafin ka yanka farashi. In ka lissafa ka ga tafiyar za ta cinye bambancin, fara da Sakkwato ko Birnin Kebbi.

Yawancin kayan nan daga Sin da Indiya ake shigo da su, farashinsu na bin dala. Waɗanda suka yi kasuwanci daga Yunin 2023, lokacin da aka saki naira, zuwa farkon 2024 da dala ta haura naira 1,500, sun ga yadda mutum ke sayar da kaya da riba a takarda, ya koma sari ya tarar kuɗin ba ya sayen rabin abin da ya sayar. Don haka farashin da za ka sake sarowa shi ne ma'auninka, ba wanda ka saro jiya ba. Kira dilanka duk mako ka ji yadda ake ciki. In kaya ya sauka kai ma ka sauka da wuri, kafin maƙwabci ya riga ka.

Abin da na fi ji maka tsoro ba riguna ba ne, aljihu ɗaya ne. Ka saba duk abin da ya shigo kuɗin hannu ne, a yi cefane da shi, kuma daidai ne. Yanzu in mutum ya biya kuɗin taya da na ɗaurawa, kuɗi biyu ne ya ba ka. Na ɗaurawa naka ne. Na taya na shago ne, ya shiga wata jaka ko wani asusu dabam a ranar. Bashi kuma, an ce hanji ne yana cikin kowa, ba zan ce ka hana gaba ɗaya ba a garin da kowa ɗan'uwa ne. Ka yafe ko ka jinkirta kuɗin hannu in ka ga dama, amma kuɗin kaya a biya. Manomin da ya ce sai kaka, ka rubuta, ka sa wa jimillar irin wannan bashi iyaka, in ta cika ka tsaya. Kakar ma ka shirya mata tun kafin ta zo, don lokacin ne mai keke ke canza taya biyu da sirdi a zama ɗaya, kamar yadda kekunan yara ke fitowa gab da Sallah da komawa makaranta a Satumba.

Shi kuma ƙanenka kada ka kashe masa gwiwa, yana da ido a inda kai ba ka da shi. Akwai ɗalibai a Aliero da Kalgo da Birnin Kebbi, akwai ma'aikata masu hawan keke da asuba don lafiya, a cikinsu za a samu mai son riga da safar hannu da hula mai kyau. Ka ba shi wannan reshen ba tare da ka ba shi jari ba. Ya sa hotuna a WhatsApp da Facebook, duk mai so ya faɗi awonsa ya ba da rabin kuɗi, in oda ta taru ka haɗa ta da sarinka na Kano, ku raba ribar yadda kuka yi yarjejeniya tun farko, a rubuce. In bayan wata uku ko huɗu ka ga abu ɗaya ana ta maimaita odarsa, shi ne za ka fara ajiye rabin dozin a kanta, daga ribar taya, ba daga uwar kuɗi ba.